Katin bashi mai tara maki: da gaske yana rage kuɗin jirgi?

Ɗan_Kalgo:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani su taimaka mini da haske a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun bayan ƙaramar Sallah. Ƙanen matata da ke aiki a Amurka ya zo gida, muna zaune a zaure bayan Isha'i ana shan shayi, sai hira ta kai ga tsadar tikitin jirgi. Ya zaro wani kati ya ajiye a kan faranti, sai da ya yi ƙara kamar an yar da cokali, ashe na ƙarfe ne. Ya ce wannan zuwan nasa bai biya kuɗin tikiti ba, maki ne ya tara a katin ya saya da shi, haraji kaɗai ya biya. Da suka yada zango a Doha ma, ya ce wani falon jira na musamman ya shiga, ya ci abinci ya yi wanka ya huta, ko sisi bai bayar ba.

Ni kuwa ga halin da nake ciki: sau biyu a shekara nake kai mahaifiyarmu asibiti a Alƙahira, ga kuma alkawarin Umara da na ɗaukar wa maiɗakina. Kuɗin jirgi ya fi kuɗin likita cin aljihuna. Shin mutumin da ke zaune a Birnin Kebbi zai iya samun irin wannan katin? Da gaske ana samun sauƙi, ko akwai abin da bai gaya mini ba? Sannan mene ne hukuncinsa, tunda na ji an ce katin bashi ne?

Mai_Albasa_Aliero:
Wa alaikumus salam. Alhaji, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka koma ka tambaye shi nawa yake biyan bankin duk shekara kafin a bar masa katin a hannu. Daga nan za ka fara gane lissafin.

Bayawuri_a_Houston:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Surukinka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka. Shekara shida ke nan ina riƙe da irin wannan katin, bari in faɗi yadda abin yake.

Manyan da aka fi sani a nan Amurka su ne American Express Platinum, da Chase Sapphire Reserve, da Capital One Venture X. Kowanne akwai kuɗin shekara, ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. A 2025 aka ƙara na Platinum ya koma dala 895, na Sapphire Reserve ya koma dala 795. Venture X, wanda shi ne a hannuna, dala 395 ne. In ka ɗauki dala a naira 1,500, Platinum ya haura naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a shekara, tun ba ka taka filin jirgi ba.

Abin da ya sa na zauna da nawa shi ne, duk shekara suna ba ni dala 300 in kashe wajen sayen tikiti ko kama otal ta shafinsu, sannan su ƙara mini maki 10,000, wanda darajarsa ta kai kamar dala 100. To ni da ma dole in zo gida duk shekara, ka ga kuɗin shekarar ya dawo mini. Bayan haka, duk dala ɗaya da na kashe ina samun maki biyu: cefane, man mota, inshorar mota, kuɗin waya. Lokacin da na buɗe shi kuma sun ba ni maki 75,000 bisa sharaɗin in kashe dala 4,000 cikin wata uku na farko. Mafi yawan tikitin "kyauta" da kake ji, daga wannan tukuicin farko yake fitowa, kuma sau ɗaya ake ba da shi.

Game da tambayarka ta farko, katin Amurka sai mai adireshi a can, da lambar shaidar biyan haraji, da tarihin cin bashi yana biya a kan lokaci. Suna da ma'aunin amana da ake kira FICO, daga 300 zuwa 850, kuma waɗannan manyan katunan sai wanda makinsa ya yi sama sosai. Daga Birnin Kebbi ba za ka samu ba.

Ɗan_Kalgo:
Na gode ƙwarai ɗan'uwa. Amma abin da ban gane ba, daga ina bankin ke samo kuɗin da yake saya maka tikiti?

Bayawuri_a_Houston:
Hanya uku ce. Duk lokacin da na goga katin a shago, mai shagon ba ya karɓar kuɗinsa cif, ana yankar kusan kashi 2 cikin ɗari, wani lokacin fiye, kuma kaso mai tsoka na bankin da ya ba ni katin ne. Daga ciki suke yago mini maki. Ta biyu kuɗin shekara. Ta uku, wadda ta fi kawo musu kuɗi, ita ce kuɗin ruwa daga waɗanda suka kasa biyan bashinsu duka a ƙarshen wata, kuma ruwan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara.

Almajirin_Gwandu:
Alhamdu lillahi, da bakinsa ya kawo mu inda ya kamata a fara. Ɗan_Kalgo, tambayarka ta uku ita ce ta ɗaya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar ko a yi mu'amala da katin bashin da aka gindaya masa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai karɓar ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adin ruwan ya shiga. Dalili kuwa, ka riga ka sa hannu a kan yarjejeniyar da ke cewa in ka makara za ka biya ruwa, kuma babu wanda ya san gobe sai Allah. Ciwo na iya kwantar da kai, albashi na iya makara. Majalisar ta halatta katin da babu wannan sharaɗin, ta kuma yarda banki ya karɓi ƙayyadadden kuɗin hidima.

Sannan ku duba abin da ɗan'uwanmu na Yawuri ya faɗa da kansa: wani ɓangare na tikitin nan daga aljihun wanda bashi ya shaƙe wa wuya yake fitowa. Ni zuciyata ba za ta natsu in tafi ɗakin Allah a kan wannan kujerar ba.

Dakta_Mancesta:
Allah gafarta Malam, ba na jayayya da wannan hukuncin, kuma na san shi. Sai dai ina so a san halin da muke ciki a waje. Lokacin da na iso Ingila da yara biyu, hatta wayar da ake biya wata-wata sai da aka hana ni saboda ba ni da tarihin bashi. Hayar mota a tafiya, kama ɗaki a wasu otal-otal, duk sai an nemi irin wannan katin. Na tambayi malaman da ke zaune a nan, akwai waɗanda suka yi rangwame ga mai buƙata, da sharaɗin ya tabbata zai biya duka kafin wa'adi. Na ɗaure katin da asusun albashina, ranar biya bankin ke cire kuɗinsa gaba ɗaya da kansa. Shekara takwas ban taɓa biyan ruwa ko fam ɗaya ba.

Almajirin_Gwandu:
Hajiya Dakta, Allah ya saka da alheri, kin faɗi gaskiya cewa akwai masu wannan fatawar. Amma ki lura, a kan buƙata suka gina ta. Mai neman mota ya je aiki daban, mai neman falon hutawa a filin jirgi daban. Ɗan_Kalgo ba lalura ce ta kai shi ba, sauƙi yake nema, kuma sauƙi yana da wasu ƙofofin.

Dakta_Mancesta:
Wannan haka ne Malam, na karɓa. Kuma a gaskiya mu na Ingila ba ma samun irin garaɓasar 'yan Amurka. Tun 2015 doka ta ƙayyade kason da bankin da ya ba da katin ke samu daga abin da ake yanka daga mai shago a Turai, kashi 0.3 cikin ɗari ne kacal a katin bashi, shi ya sa makinmu bai taka kara ya karya ba. Na taɓa tara makin Avios na jirgin British Airways wata da watanni da niyyar zuwa gida, da na zo saye sai na tarar harajin filin jirgi da ƙarin kuɗin mai da ake ɗorawa sun kai wani babban kaso na kuɗin tikitin. Na dai samu ragi, amma ba kyauta ba ce.

Tsohon_Kabi:
Ni dai ban ga abin da zai kai ni ga wanga kati ba. Tun jirgi na da arha nike tahiya Makka, kuma da kuɗɗin shinkahwata nike zuwa. In damana ta yi kyau in tahi, in ba ta yi ba in zamna gida. Ɗiyana, ku bar cin bashi don tahiya.

Ummu_Khalil_Zuru:
Baba ya faɗi gaskiya. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibi_Toronto:
Ban so yin magana ba, amma ganin yadda hirar ke tafiya ya sa dole in faɗi abin da ya same ni, ko wani zai tsira. A shekarata ta biyu a Kanada wani banki ya ba ni kati mai tukuicin maki, da sharaɗin in kashe wani adadi cikin wata uku. Abin da nake kashewa a wata bai kai rabin haka ba. Don kada tukuicin ya wuce ni, na sayi kwamfuta sabuwa alhali tsohuwar tana aiki, na sayi rigunan sanyi, na yi wa 'yan gida tsaraba tun tafiya ba ta zo ba. Makin ya shigo, na yi murna. Wata na huɗu aka rage mana awannin aiki a inda nake ɗan taɓa aiki bayan darasi. Na fara biyan mafi ƙarancin abin da suke nema a wata, ina ganin kamar ina ragewa, ashe kusan duk ruwa nake biya, uwar kuɗin tana nan.

Ba zan manta daren da na zauna a bakin gado da takardar bankin a hannu ba, na ja layi da biro a ƙarƙashin kuɗin ruwan kowane wata na tara su. Sun fi kuɗin tikitin da makin ya saya mini. Wata goma sha huɗu na yi kafin na fita, kuma sai da yayana ya sayar da shanunsa biyu a kasuwa ya turo mini. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Bayawuri_a_Houston:
Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri, kuma na gode da ka faɗa. Ga lissafin a fili don kowa ya gani. Ka kashe dala 3,000 a kati mai ba da maki biyu, ka samu maki 6,000, kimanin dala 60. In ba ka biya ba, kuma ruwan kashi 24 ne a shekara, ruwan wata ɗaya tak dala 60 ne. Wata guda ya cinye ribar gaba ɗaya, daga wata na biyu kai ne ake ci. Duk wanda zai sayi abin da bai yi niyya ba don ya tara maki, ya riga ya faɗi.

Alhaji_Jega_Gwanzu:
Kun tafi Amurka da Kanada kun bar mai tambaya a tsaye a Birnin Kebbi. Ɗan_Kalgo, saurara. Ni ban taɓa riƙe katin bashi ba, kuma sau biyu ina zuwa Umara da maki.

Kamfanonin jirgi da kansu suna da rajistar fasinjojinsu, kuma kyauta ake shiga, babu banki babu ruwa. Na Habasha sunansa ShebaMiles, na Masar EgyptAir Plus, na Ƙatar Privilege Club, na Saudiyya Alfursan, na Turkiyya Miles&Smiles. Ka shiga shafinsu ka cika sunanka daidai yadda yake a fasfo, su ba ka lamba. Duk tafiyar da ka yi, a sa lambar a tikitin, maki ya shiga.

Shekara bakwai ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro kaya ta Adis Ababa ban san da wannan ba. Ejan ɗina yana yanka mini tikiti, ina biya, shi ke nan. Ranar da na gane, muna layin auna kaya ne a Kano, wani ɗan Kwari da muke tafiya tare aka wuce da shi ta gajeren layi, aka kuma bar masa ƙarin jaka bai biya ba, ni kuwa aka caje ni kuɗin nauyi. Na ce masa wa ka sani a nan? Ya nuna mini wayarsa, ya ce ba kowa, lamba ce kawai. A cikin jirgin ya yi mini rajista kafin mu tashi. Da na lissafa tafiye-tafiyen da na yi a banza, sai da na yi shiru.

Kai da kake zuwa Alƙahira sau biyu a shekara, ku biyu, tikiti huɗu ke nan na zuwa da dawowa. Ka yi wa kanka rajista, ka yi wa Hajiya. Kuma jirgin Masar da na Habasha da na Turkiyya duk ƙungiya ɗaya suke, Star Alliance, kana iya hawa ɗaya ka zuba makin a asusun ɗayan. Kada dai ka warwatsa, ka zaɓi guda ka riƙe.

Ɗan_Kalgo:
Ikon Allah. Alhaji, shekara huɗu ke nan muna wannan zirga-zirgar, ban taɓa jin wannan ba. Waɗanda suka wuce fa, sun tafi ke nan?

Alhaji_Jega_Gwanzu:
Tsofaffin sun tafi. Amma na baya-bayan nan ka gwada, yawancin kamfanoni suna karɓar koke a kan tafiyar da ba ta daɗe ba, in kana da lambar tikitin da ɗan katin shiga jirgi. Shi ya sa ba na yar da shi, a cikin fasfo nake ajiyewa.

Ejan_Tafiye_BK:
Sana'ata ke nan, kuma abin da Alhaji ya faɗa gaskiya ne. In ƙara abu biyu. Ba kowane tikiti ke ba da cikakken maki ba, mafi arha wani lokacin rubu'i yake bayarwa ko ma babu, ya danganta da harafin ajin da aka yanka maka. Na biyu, maki yana mutuwa in ya daɗe, kowane kamfani da wa'adinsa, a riƙa dubawa. Jirgin Masar da na Ƙatar suna ba da damar haɗa makin iyali wuri ɗaya, wannan zai yi wa Ɗan_Kalgo amfani tunda shi ke biyan na Hajiya.

Sannan a cire rai da samun kujerar maki zuwa Jidda a goman ƙarshe na azumi. Kamfani kujeru kaɗan yake warewa don maki, kuma a lokacin da jirgi ke cika da masu tsabar kuɗi ba ya sakinsu. Mai son Umara da maki ya nufi bayan Muharram ko Rabi'ul Awwal, ya kuma nema da wuri.

Ummu_Khalil_Zuru:
To aikin Hajji fa? Ana iya rage kuɗin kujera da makin?

Ejan_Tafiye_BK:
A'a Hajiya. Kujerar hukuma dunƙule take, jirgi da masauki da hidima duk a haɗe, kuma jiragen da Hukumar Alhazai ta ƙasa ta ɗauka haya ne ke jigila. Babu inda maki zai shiga. Mai son tara kuɗin Hajji sannu a hankali, akwai asusun adashen gata da hukumar ta buɗe tare da bankin Jaiz a 2020.

Mai_Albasa_Aliero:
Ni abin da ya fi damuna ma ba maki ba ne. A 2024 daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da jigilar alhazan Nijeriya gaba ɗaya, manyan jirage suka sauka suka tashi lafiya. Amma in ba lokacin Hajji ba, mai zuwa Masar ko Saudiyya sai ya bi ta Kano ko Abuja. Kuɗin mota, kwanan otal, abinci, ga gajiyar tsohuwa marar lafiya a hanya. Wannan kaɗai ya kai wani abu.

Tsohon_Kabi:
Wanga ita ce magana. A gyara muna wagga tukuna.

Ɗan_Kalgo:
Wallahi kun taɓo inda ke mini ciwo. Kwana guda muke yi a hanyar Kano, mu kwana, washegari mu tashi. Hajiya takan ce hanyar ta fi jinyar wahala.

Ma'aikacin_Banki:
Bari in dawo da mu kan katin, don akwai gyara kaɗan a maganar Bayawuri. Gaskiya ne katin Amurka ba ya samuwa daga nan, amma ba a ce babu manyan katuna a Nijeriya ba. Bankuna da dama suna ba manyan abokan hulɗarsu Visa Infinite ko Platinum, ko Mastercard World, kuma a 2023 bankin Access ya fara fitar da katunan American Express a ƙasar nan. Wasunsu ma ba na bashi ba ne, a kan asusunka na dala suke, abin da ka zuba shi kake kashewa. Irin wannan babu maganar ruwa a cikinsa, kuma wasu suna zuwa da damar shiga falon jira da inshorar tafiya.

Sai dai kada a yi tsammanin tukuicin maki 75,000 irin na can. Kasuwar ba ɗaya ba ce. A nan yawancinmu da tiransifa ko tsabar kuɗi muke ciniki, mai POS ma kai yake caja. Ga kuma matsalar canji: ku tuna a 2022 bankuna suka rage abin da katin naira ke iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Wanda ya dogara da kati ɗaya a ƙasar waje yana iya kwana da yunwa.

Shawarata ga mai sha'awa, ya je reshe ya nemi a ba shi a rubuce: nawa ne kuɗin shekara, sau nawa ake shiga falo kyauta, ana shiga da abokin tafiya ko sai an biya masa, nawa ake ɗorawa in an kashe kuɗin da ba dala ba, sannan inshorar tana rufe mai tsohon ciwo ko a'a. Wannan ta ƙarshen ta shafe ka kai tsaye, Ɗan_Kalgo, don yawancin inshorar tafiya ba ta ɗaukar ciwon da aka riga aka sani, balle tafiyar da aka yi don jinya.

Almajirin_Gwandu:
Wanda kuɗinka ne a ciki, wannan babu laifi in sha Allahu, kuɗin hidima ne kake biya. Mai son ƙarin natsuwa kuma ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da TAJ da Lotus, sai ya tambaya ya ji abin da suke da shi.

Ɗan_Kamba_Boda:
Tambaya. Na ga wasu a intanet suna tallar tikiti rabin kuɗi, suna cewa da maki suke saye. Halas ne, kuma lafiya?

Ejan_Tafiye_BK:
Ka yi nesa da su. Dokar kusan duk kamfanonin jirgi ta hana sayar da maki, in suka gano suna soke tikitin su rufe asusun. Mafi muni, wasu da asusun sata ko katin sata suke saye. Na ga wani bawan Allah da iyalinsa su huɗu a filin jirgin Kano, an zo auna kaya aka ce tikitinsu an soke shi tun jiya. Matar tana zaune a kan akwati da jariri, shi yana ta kiran lambar wanda ya sayar masa, a kashe. Biza tana ƙarewa, kuɗin otal a Makka an riga an biya. Sai da 'yan'uwa suka yi karo-karo aka sake yanka musu wani bayan kwana uku.

Dakta_Mancesta:
Amma a bambanta, kada a tsorata mutane. Mai maki yana iya yanka wa wani tikiti da makinsa a matsayin kyauta, yawancin kamfanoni sun yarda da wannan. Ni na yi wa mahaifiyata. Sayarwa ce aka hana. Don haka Ɗan_Kalgo, hanya mafi kusa gare ka tana cikin gidanka: surukin naka in yana da rarar maki, ya yanka wa yayarsa tikitin Umarar. Capital One da American Express duk suna barin a tura maki zuwa wasu kamfanonin jirgi, kamar Ƙatar, kuma jirgin Ƙatar yana zuwa Kano da Abuja.

Almajirin_Gwandu:
Hajiya Dakta, wannan kuma wata mas'alar ce, karɓar kyauta daga abin da aka samu ta wannan hanyar. Ba zan yi gaggawar cewa komai ba sai na koma wa malamaina.

Bayawuri_a_Houston:
Akwai kuma zaɓin ya saka ka a matsayin mai kati na biyu a asusunsa, amma ban ba da shawara ba. Duk abin da ka kashe a wuyansa yake, da dala zai biya, kai kuma da naira kake samu. Canji ya motsa tsakanin ranar saye da ranar biya, sai zumunci ya fara tsami. Na ga inda hakan ta raba wa da ƙani.

Abu ɗaya da zan ƙara ga duk mai kati kowane iri: in na'ura a Makka ko Alƙahira ta tambaye ka a caje ka da kuɗin ƙasar ko da dala, zaɓi kuɗin ƙasar, riyal ko fam ɗin Masar. In ka zaɓi dala, su ne za su yi maka canjin da farashinsu, kuma ya fi tsada.

Mai_Albasa_Aliero:
Har yanzu dai ba wanda ya nuna mini cewa wanda bai kashe miliyoyi a shekara ba zai ci ribar katin dala 895.

Bayawuri_a_Houston:
Ba zai ci ba, Alhaji, ban kuma ce zai ci ba. Ni kaina shi ya sa ban karɓi wancan ba. Yawancin abin da suke cewa suna mayar maka, rangwame ne a wasu shaguna da otal-otal da gidajen abinci na can, in da ma ba ka zuwa wuraren, ba ka samu komai ba.

Ɗan_Kalgo:
Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Yanzun nan na gama yi wa kaina da Hajiya rajistar jirgin Masar, ɗana ne ya taya ni a waya. Na kuma binciko katin shiga jirgi na tafiyarmu ta watan jiya a aljihun jakar magunguna, gobe zan kai wa ejan mu gwada ko za a saka mana. Maganar surukina kuwa, ina jin nauyin in roƙe shi, sai dai ko maiɗakin ta yi masa magana da kanta. Malam, ina jiran abin da malamanka za su ce kafin nan.

Alhaji_Jega, in sunan da ke tikitin Hajiya an rubuta shi da harafi ɗaya daban da na fasfo, zai hana makin shiga?

Alhaji_Jega_Gwanzu:
Yana iya hanawa, ya taɓa faruwa da ni a kan Muhammad da Mohammed. Ka ɗauki hoton fasfon da na tikitin ka tura wa ofishinsu, ko ka bari sai ka je Kano ka shiga da kanka. Ejan_Tafiye, kai ka fi ni sanin wanda ya fi sauri.

Ejan_Tafiye_BK:
Ya kawo mini su gobe bayan Azahar in duba tukuna.